Allon Bakin Rijiya

Jama'a, yau saura ƙiris zuciyata ta faɗo ƙasa. Autata ta manta gorar ruwanta a gida, uwarta ta ce in bi ta da ita makaranta. Ina shiga na hango yarinyar nan tana lilo a jikin wani ƙarfe, ƙafafunta na reto a saman bakin rijiya. Ban san lokacin da na yar da gorar na sure ta ba.

Rijiyar nan tana bayan aji ɗaya, murfinta ya ruɓe tun bara. Mu iyaye mun yi ta kuka har murya ta dushe. To, Allah ya saka wa manya da alheri, sun ji. Makon jiya Mai Girma Uban Tausayin Yara ya taso da kansa, motoci har bakin titi, aka jera yara a rana suna tafi, aka yanke ƙyalle. Me aka ƙaddamar? Allo. Ƙaton allon ƙarfe, fenti sai sheƙi yake, an rubuta "Hattara, akwai rijiya a nan", a ƙasa kuma sunayen waɗanda suka yi ɗawainiya, har sun fi gargaɗin tsawo.

Kada ku ce na raina, da babu gara ba daɗi. Matsalar dai ita ce 'yan aji ɗaya har yanzu da baƙaƙe suke fama. Na tambayi Auta me aka rubuta, ta ce, "Baba, malama ta ce sai mun je aji uku." Ga shi allon ya kawo inuwa, ga sandar lilo a ƙarƙashinsa. Wurin da yara ke tsoron zuwa a da, yanzu nan ne dandalinsu.

Na wuce ofishin hedimasta ina huci. Na ce, "Malam, a ba ni izini in kawo katako in rufe ta."

Ya rage murya. "Baban Auta, rufa mini asiri. Murfi yana cikin kashi na biyu na aikin. In ka rufe yau, me Mai Girma zai zo ya ƙaddamar baɗi?"

"In yaro ya faɗa kafin baɗin fa?"

Ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Ni dai yanzu zan shiga taron malamai. Kuma in ina taro ba na leƙa taga."

Na gane karatun. Na kira maƙwabcina tela, wanda 'yan biyunsa ke aji ɗaya da Auta, na ce ya taho da sifana. Da ya ga inda na nufa sai ya ja baya. "Kai, wannan fa kayan hukuma ne."

Na ce, "'Yan biyunka kuma kayan wa ne?"

Sai ya miƙo mini sifanar. Muka kwance allon, muka kwantar da shi a kan bakin rijiyar, muka danne da bulo. Wallahi sai ka ce an auna.

Da yamma labari ya iso cewa an kafa kwamitin binciko ɓata-garin da suka lalata aikin kare yara. Ranku ya daɗe, ba sai kun wahala ba, ni ne. Tela kuma ya ce in gaya muku ba ya gari. In za ku zo kama ni, ku biyo ta bayan aji ɗaya, ta fi sauƙi, kuma yanzu ko ido rufe kuka taka ba abin da zai same ku.