Yadda Aka Tsinci Jikata a Hannuna

Jama'a, ranar bikin yara da ta wuce jikata Hamdiyya ta ɓata, alhali ina riƙe da hannunta. Da wani ne ya ba ni labarin nan, da na ce a duba abin da ya sha.

Uwarta Rabi'a ce ta kawo mini ita kafin ta bi motar Abuja zuwa aiki. Ta ce, "Baba, ka kai ta kallon maci, amma don Allah kada ka saki hannunta. In ta ɓata, ta daina wuni a gidanka." Rabi'a 'yata ce, na san ba ta maimaita magana. Ni kuwa in ban da yarinyar nan, ba mai zama ya ji hirata har ƙarshe.

Muka tafi fili da maƙwabcina Fidelis, mai gyaran janareto. Dole a yaba wa 'yan kallon garin nan. Wani ƙato mai gemu ya ture 'yan yara ya tsaya a gaba, don wayarsa ta ga maci da kyau. Wata hajiya ta riƙa watsa alewa tsakiyar hanya daidai lokacin da masu ganga ke tahowa, ƙanana suka bi ta ƙarƙashin ƙafafu. Ɗan acaba ya ratsa layin 'yan firamare da buhun doya, yana yi musu hon su ɗaga ƙafa. Igiya ɗaya ce a filin, ita ma rumfar manya aka kewaye da ita, kada yara su ji wa kujeru ciwo.

Amma kada a ce kwamitin biki bai yi tanadi ba. Bana sun kafa wata rumfa da ƙyalle a goshinta: WURIN YARAN DA SUKA ƁATA. Na tsaya na karanta a tsanake, don ni da furfurata na koyi boko, ba na wuce rubutu ban gaishe shi ba. Kujeru reras, ba yaro ko ɗaya. Ashe Yallaɓai Mai Jiniya, uban marayu da masu iyaye, zai zo da kansa ya miƙa ɓatattun yara ga iyayensu a gaban masu hoto. Ga shi mutanen garin nan ba kishin ƙasa, kowa ya riƙe ɗansa gam.

Sai ga wani ɗan kwamiti mai riga mai walƙiya, Dogara ake ce masa, ya tsugunna a gaban Hamdiyya.

"'Yan mata, ina mamanki?"

"Tana Abuja."

"Subhanallahi. Tun daga Abuja." Ya kama ɗaya hannun nata.

Na ce, "Ɗana, ni ne kakanta. Ga hannunta a cikin nawa."

Ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari da ka tsince ta. Daga nan kuma aikin kwamiti ne."

Na kasa kunne ina saurare, don halina ke nan. Ya yi mini bayani cikin ladabi: Yallaɓai yana hanya, rumfa ba za ta zauna fayau ba, an tanadi biskit, kuma za a mayar mini da ita a hukumance. Hamdiyya na jin biskit ta zare hannunta. Ina so masu karatu su shaida, ita ta zare.

Kafin a jima rumfa ta cika. An tsinci wani a goye a bayan uwarsa. An tsinci 'yan biyu a shagon ubansu suna cin abinci. Yaro ɗaya ne ya ɓata da gaske, ya zo yana kuka, aka ce ya yi haƙuri, kujeru sun ƙare. Wata mai awara ce ta zaunar da shi a gefen kaskonta har uwarsa ta ɓullo.

Can rana ta take, motocin Yallaɓai suka shigo ta tsakiyar 'yan maci. Yara suka watse, malamai na bin su da allunan makarantu. Allah ya ja zamaninsa, yana sauka ya yi mana huɗuba a kan iyayen da ke jefa yara cikin haɗari.

Aka fara miƙo. Da layi ya zo kaina, mai hoto ya sauke kyamara. "Baba, fuskar nan ba ta yi ba. Jikarka aka ceto, ka yi kuka mana."

Na yi iya ƙoƙarina. Na tuna layin mai, na tuna wutar unguwarmu, na tuna kwalbatin da aka yi mana bikin buɗewa ba a gina ba. Ido ya ƙi. An saba.

Fidelis kuwa yana gefena yana cin tsire, yaji ya faɗa masa a ido, hawaye shaɓe-shaɓe. Mai hoto ya ce, "Yauwa, ga uba nan." Yallaɓai ya ɗaga Hamdiyya ya ɗora masa a ƙirji.

Fidelis ya ce, "Oga, wallahi ba tawa ba ce fa."

Dogara ya ce, "Rungume ta kawai, duk ƙasa ɗaya ce."

Da yamma Rabi'a ta sauko daga mota da waya a hannu. Hoton ya riga ta isowa gida. Ga Yallaɓai, ga Fidelis na zubar da hawaye, ga ni can baya da busasshen ido kamar mai jiran canji. Na fara bayani, ta ɗaga hannu.

"Baba, ɓatan ma na iya yafewa. Amma a ce maƙwabci ya yi kuka, kai ko a jikinka?"

To, ina miƙa godiya ga kwamiti bisa wannan gagarumin aiki. Yanzu a wurin Fidelis Hamdiyya ke wuni. In ina son hira da ita sai in je shagonsa, in zauna a benci in yi ta ɗaga murya cikin ƙarar janareto. Mutumin kirki ne, ya ce in riƙa zuwa duk lokacin da na so, amma kada in fita da ita ko bakin titi, don shi ma ya ga hoton.