Yadda Za Ka Kori Gansakuka Kafin Ta Kashe Maka Murjani

Ɗan'uwa, share gumi, ka zo inda ya dace. Na san halin da kake ciki. Ka kafa tankin gilashi na ruwan gishiri a falo, ka zuba kifaye masu launi, ka ɗora murjani mai rai a kan dutse, wato halittar tekun nan mai kama da reshe, wanda ka yi ta jiran isowarsa kamar mai jiran haihuwa. Yanzu ga koriyar gansakuka ta yi kaka-gida, ta tsiro da gashi, tana hawa murjanin tana tare masa haske. In ta rufe shi, ya mutu. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari za ka huta.

1. Tuge ta da hannu

Naɗe hannun riga, ka ɗauko buroshin haƙori. Ka duba da kyau, naka za ka ɗauka, ba na uwargida ba. Goge dutse, goge gilashi, tuge gashin nan kamar kana figar kaza. Za ka ji kanka jarumi, har ka tura wa abokai hoto. Sai dai duk silin da ya kuɓuce ya bi ruwa, sabon gida ya tafi nema. Kafin ka huta ta dawo da danginta. Kada ka karaya, ai yanzu kun san juna.

2. Ɗauko ma'aikata

Mai shagon kifi zai tarbe ka baki har kunne. Zai haɗa ka da dodon koɗi da ƙaguwa da bushiyar teku, ya rantse ba su da abinci sai gansakuka. Dodon koɗi zai faɗi rigingine, ya jira ka zo ka juya shi. Ƙaguwa za ta cinye shi, ta tare a ƙoƙonsa. Bushiyar kuwa, baiwar Allah, za ta ɗora gansakukar a ka, ta riƙa yawo tana raba ta lungu-lungu. Mu masana ba ma korar irin waɗannan ma'aikata, sai mu ce don ado muka sayo su.

3. Kashe mata wuta

Da haske gansakuka take rayuwa, don haka lulluɓe tankin da bargo na 'yan kwanaki. In uwargida ta tambayi abin da bargonta yake yi a falo, ce mata kimiyya ce. Ranar buɗewa ka tara yara su yi tafi. Murjani zai fito a galabaice, duk ya koɗe. Gansakuka kuwa ta sha barci, ta ƙara ƙiba.

4. Canza ruwa

Kawo tiyo da bokiti. Zuƙo ruwan da baki, ka haɗiye kaɗan, kowa ma haka ya fara. Bayan kafet ya jiƙe, ɗibi ruwan a kwalba ka kai shago a gwada. Mai shago zai ɗiga magani, ya ɗaga kwalbar, ya girgiza kai, ya ce abinci ya yi yawa a ruwan nan, shi gansakuka take ci. Za ka rantse kai da kan yatsa kake auna abincin. Zai ce to akwai mai ƙari.

5. Kama mai laifi

Nan ne daɗin. Tara gida ka yi shari'a. Uwargida za ta ce ita ko kallon tankin ba ta son yi. Yara za su nuna juna. Sai ka yi dabara: fita aiki kamar kullum, ka juyo da hantsi, ka tuɓe takalmi a waje, ka leƙo.

Baba za ka gani. Mahaifinka, wanda ka dawo da shi gidanka bayan rasuwar Mama, wanda kullum yake ɗaki, sai an yi da gaske yake cin loma biyu. Ga shi ya jawo kujera har jikin gilashi, gwangwanin abincin kifi a cinyarsa, yana zubawa hannu sake, yana kiran kifayen da sunayen da ya raɗa musu.

"Ci, Kwandasta, ci. Yaron nan da yunwa yake barin ku," in ji shi. "Kai kuma Mai Gadi, matsa wa ƙaninka."

Dariya yake yi. Ka ma manta yadda take.

6. Ja masa kunne

Yi gyaran murya. Ka shirya bayani a ranka tsaf: yawan abinci, dattin ruwa, ran murjani. Ka tsaya ƙyam, kai ne mai tanki. Zai juyo, ko kunyar kamun bai ji ba, ya nuna maka gashin nan kore yana kaɗawa.

"Ka ga yadda ciyawarsu ta yi kyau? Da a kan dutse tsura ka bar su."

Bincike ya nuna amsa ɗaya ce take aiki a nan. Maimaita bayana: "Ta yi kyau, Baba."

7. Kwashe murjani

Sa shi a roba da ruwansa, ka rungume, ka kai wa mai shago riƙo. Zai yi maka zafi, ba zan ɓoye maka ba, ka so abin nan. Ka riƙa kai masa ziyara. Kafin ka fito daga shagon, sayi gwangwanin abinci, babban.

Gargaɗi

Ni dai na fita. Ba ruwana da bargo, ba ruwana da kafet, ba ruwana in falo ya koma fadama. In Baba ya ce tankin ya yi wa Kwandasta kaɗan, ku daidaita tsakaninku. In kuma ka wayi gari kana laɓe a bakin ƙofa da takalmi a hannu, kana sauraron tsoho yana hira da kifi har ka makara aiki, kada ka ce wa shugabanka ni na sa ka.