Jar Kujerar Darakta Tara

Duk wanda ya ce layin nan bai haifi babban mutum ba, to bai taɓa tsayawa gaban shagon haya da ke kusa da famfo ba. A nan Darakta yake. Mutum ne mai cika ƙofa, mai cika kujera, mai cika kunne. Kujerun roba yake bayarwa haya, da rumfa, da tsani, da baro, da injin feshi guda ɗaya da sai ya yi tari kafin ya tashi. Amma kada ka kuskura ka ce masa mai haya. Tun ranar da mijin 'yarsa ya buɗe masa shago a intanet ya zama Darakta. Ya sayi tabarau marar magani, ya sayi waya mai faɗin faranti, ya jefa tsohuwar ƙaramar wayarsa cikin aljihun tebur don ba ta dace da hannun mutum irinsa ba. 'Yan layi suka ƙara masa kalma ɗaya saboda girmamawa, suka ce Darakta Tara. Shi kuwa ya karɓa hannu biyu.

Tsarin ba shi da wuya. Ka zaɓi kaya a waya, ka sa katin bankinka, ka zo ka ɗauka. In ka makara, shagon da kansa zai riƙa cire tara daga katinka kullum har sai kayan sun dawo. In ka dawo da su da rauni, matar Darakta ta ɗauki hoto ta danna, a cire kuɗin ɓarna. Kamfanin da ya ba shi gurbin shagon yana yankar rabonsa a kowace tara, amma wannan ba maganar manya ba ce.

Ranar buɗewa, mijin 'yarsa ya nuna masa wani ɗan maɓalli a gefe.

"Baba, wannan na yafiya ne. In wani ya zo da uzuri sai a danna."

Darakta ya sauke tabarau zuwa karan hanci. "Cire shi. Yafiya ce ta hana layin nan ci gaba. Ina son doka wadda ko ni ba zan iya tanƙwara ta ba."

Aka cire. Sannan, don duniya ta ga yadda ake yi, ya ce shi ne zai zama mai haya na farko. Akwai wata jar kujera mai laushi, mai hannuwa masu ruwan zinariya, wadda ake haya wa babban baƙo a wajen taro. Ita ya zaɓa, na yini ɗaya. Ya zaro katinsa a gaban jama'a, aka ɗauki hotonsa yana murmushin manya, aka yi tafi. Ya sa aka ajiye kujerar bayan teburinsa, ya zauna. Ta karɓe shi kamar don shi aka yi ta. Bai ƙara neman wata ba.

Ya kuma sa aka haɗa wayar shago da lasifika, yadda duk tarar da ta shigo sai ƙararrawa ta buga, layi duka ya ji.

Mai walda ne ya fara ɗanɗanawa. Ya ɗauki tsani, ruwan sama ya tsare shi a kan wani aiki, ya dawo da shi washegari da safe. Kafin ya jingina tsanin, ƙararrawa ta riga shi sallama.

"Haba maƙwabci, ruwa fa aka yi."

"Ruwa bai sa hannu a sharaɗinmu ba," in ji Darakta, yana gyara zama a jar kujera. "Ni ba ni da hannu. Na'ura ce. Ita ba ta san maƙwabci ba."

Mai wanki ta dawo da baro da laka a tayarsa, aka ci ta tarar ɓarna. Ta tambaya ko a kan kafet ake tura baro. Darakta ya ce tambaya ce mai kyau, ta aiko da ita a rubuce. Yayansa na ciki ɗaya ya ɗauki kujeru ranar da jikarsa ta gama makaranta, ɗaya ta dawo da ƙafa a karkace. Ƙararrawa ta buga. Yayan ya tsaya ya dube shi, ya ce, "Ni na goya ka." Darakta ya ce ya tuna, kuma yana godiya, amma babu gurbin goyo a shafin shagon na intanet.

Abin da ya fi yi masa daɗi shi ne ƙararrawar safe. Kullum da ya buɗe shago, ko an yi haya ko ba a yi ba, sai ta buga, kuma tarar tana ƙara nauyi. Wani babban mai taurin kai ne ke riƙe da kaya a wani wuri. Darakta bai duba ko wane ne ba. Duba suna aikin ƙananan ma'aikata ne. Shi dai ya tabbata mai walda ne, don tun ranar tsanin mutumin ya daina gaishe shi da kyau.

Matarsa ta same shi wata rana da katin a hannu.

"Baban yara, na je sayen cefane katin nan ya ƙi. Kullum raguwa yake."

"Bankuna ne," in ji shi. "Ba su da tsari. Da ni ke riƙe da su da kin ga aiki."

A aljihun tebur kuwa, tsohuwar ƙaramar waya, wadda banki bai san wata lamba ba sai tata, tana kwance a mace.

Sai zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar layi ya zo. Mutum biyu suka fito, Darakta da mai walda. Wannan shugabanci Darakta ya daɗe yana mafarkinsa, har ya riga ya ba tela ɗinkin rigar rantsuwa. Ya yi tunani mai zurfi, irin nasa, ya samo dabara. Ya sa mijin 'yarsa ya rataya talabijin a ƙofar shago, a haɗa ta da shafin, ta nuna hoton wanda ya fi kowa makara. Ya raɗa mata suna Allon Kunya. Ya ce a yi taron zaɓen a gaban shagonsa, kujeru kyauta, abin da ba a taɓa ji daga bakinsa ba.

Layi ya cika. Aka fito masa da jar kujera, ya hau. Aka lulluɓe talabijin da mayafin tebur.

"'Yan'uwa," ya fara, "shugabanci amana ne. Wanda ba ya iya mayar da abin da ya ara, ta yaya zai riƙe ƙungiya? A cikinmu akwai wani. Watanni yana zaune a kan kayan mutane ko kunya babu. Ni ban san shi ba, na'ura ce ta san shi. Ina roƙonku, duk fuskar da kuka gani, kada ku ba ta ƙuri'a ko da ta makwancin kare ce."

Ya saci kallon mai walda, ya ɗaga hannu. Aka yaye mayafi.

Fuska ta fito, mai tabarau, mai murmushin manya. A ƙarƙashinta an rubuta: jar kujera, hayar yini ɗaya, ba a dawo da ita ba.

Aka dubi talabijin, aka dubi Darakta, aka dubi abin da yake zaune a kai. Mai wanki ce ta fara, ta toshe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa. Daga nan dariya ta ɓalle har mai shagon magani na ƙarshen layi ya leƙo.

Darakta ya jawo mijin 'yarsa, ya yi ƙasa da murya. "Goge shi. Danna na yafiyar nan."

"Baba, kai ka ce a cire."

Yayansa ya matso a hankali da sandarsa. "Ƙanena, in ba ka mayar ba gobe ma za ta buga. Tashi."

Ya tashi. Jar kujera ta yi ajiyar zuciya. Tsakiyarta ya lotsa daidai girman mai ita, hannun dama ya koɗe inda yake buga dokoki, ɗinkin baya ya buɗe baki. Matarsa ta zagaya ta sau ɗaya kamar yadda ya koya mata, ta ɗaga waya.

"Ke, maman yara, me kike yi?"

"Ni ba ni da hannu, Baban yara. Na'ura ce."

Ta danna. Ƙararrawa ta buga, layi duka ya ji.

Mai walda ya ci zaɓe ba tare da ya buɗe baki ba. Da zai zauna a matsayin shugaba, aka turo masa jar kujerar. Ya dube ta, ya dubi lasifika, ya ce a'a, ya gode, tsayuwa ta fi masa araha.