Gas Ba Ya Fitowa a Hoto

Jiya na yi asarar ranar hutuna guda ɗaya tak, kuma ni na jawo wa kaina. Maƙwabcina a Al Wukair, Hananiya, sai da ya ce, "Mas'udu, kwanta ka huta, waɗannan turare suka zo saye." Ban ji ba.

Wai tawaga ce daga gida, ƙarƙashin Mai Girma Shugaban Kwamitin Duba Yiwuwar Fara Tunani, sun zo Doha nazarin gas. Shekara shida ke nan da yi wa garinmu alkawarin wurin ɗura gas a tukunya. Yayata Shetu tuwo take sayarwa, hayaƙin itace yana cinye mata ido, likita ya ce ta bar murhu ko ta makance. Shi ya sa na saɓi tukunyar gas ɗina, irin ta nan da ake hango cikinta, na same su suna shan shayi a kasuwar Souq Waqif.

Mai Girma ya leƙa, ya jijjiga, ya ji ƙulun-ƙulun. Ya ce, "Bawan Allah, an cuce ka. Ruwa aka sayar maka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gas ba sunan abin girki kaɗai ba ne, sunan hali ne. Abu kan daskare, ya narke, ya tashi sama, kamar ƙanƙara da ruwa da tururi. Halin na uku shi ne gas. Wannan matse shi aka yi ya zama ruwa, ana buɗewa zai koma yadda yake."

"In ya koma, ana ganinsa?"

"Ba a gani, ranka ya daɗe."

Sai ya ajiye kofi. Jama'a, a yaba wa gwani, don basira irin wannan ba a makaranta ake samunta ba. Ya ce, "To abin da ba ya fitowa a hoto, ta yaya za mu ƙaddamar da shi? Sakatare, rubuta: daskararre muke so. A kafa dutsen harsashi."

Wallahi raina ya ɓaci. Na fara maganar idon Yaya, ya ɗaga mini hannu: "Khalas." Wato magana ta ƙare. Kwana biyu a ƙasa, Larabcin da ya koya ke nan. Wanda bai ji zafin murhu ba, ina ruwansa da hayaƙi? Suka miƙe zuwa rumfar turare, ni kuma na kinkimi tukunyata, ko kuɗin tasi ba wanda ya tambaya.

Sakataren ne ya raɗa mini a bakin hanya cewa tun da halayen uku ne, tawaga za ta dawo sau biyu, kowane hali da tafiyarsa. Ashe ni na ba su dalili.

Da yamma Yaya ta kira, na kwashe komai na faɗa mata. Sai ta ce in zan zo gida in taho mata da maganin ɗiga wa ido, babbar kwalba. Ita kam ba ta buƙaci kwamiti ba kafin ta gane rahoton.