Yadda Za Ki Rage wa Kwamfuta Kaya Ba Tare da Kin Ɓata da Unguwa Ba

Idan layin nan mai nuna cikar kwamfutarki ya koma ja, tana nishi kafin ta buɗe, tana ce miki babu sauran wuri, kwantar da hankalinki. Bi matakan nan shida ɗaya bayan ɗaya, na yi miki alkawari wuri zai samu. An gwada su a kan Jemima, mai shagon buga takardu a bakin tashar Birnin Gwari, kuma har yau tana gaisawa da kusan kowa.

Ga halin da ta shiga. Ta ari wayar maƙwabciyarta Raliya, ta ɗauki tata kakar, Alice, a wayar tana rera waƙoƙin Gbagyi na daka da na biki, yini biyu cur. Tsohuwa ta haura tamanin, kuma ta ce ita ba ta maimaita waƙa. Raliya kuwa za ta tare a Kaduna ranar Juma'a da safe, da wayarta. Waƙoƙin giga goma sha ɗaya ne, kwamfutar Jemima saura rabin giga. Sabis kuma sai an hau tudu ake samun na gaisuwa.

Mataki na 1: Fara da abin da ba zai taimaka ba

Goge allon da tsumma. Hure madannai. Share 'yan alamomin nan da ke fuskar allo. Ba za ki samu ko gurbin allura ba, amma mai wucewa zai ga kina ƙoƙari. Daga nan sayi filashi wurin mai talla. Na Jemima an rubuta masa giga sittin da huɗu a jiki. Ya haɗiye hoto tara, ya yi shiru har abada.

Mataki na 2: Gano masu kayan

Leƙa ciki da kyau, za ki ga rabin kayan ba naki ba ne. Duk wanda wayarsa ta cika a unguwar, shagon Jemima yake kawo memorinsa, ya ce, "Ajiye min, zan zo in karɓa." Shekara huɗu ke nan, ba wanda ya zo. Ga "Ajiyar Halima", ga "Ajiyar Grace", ga "Bakoji, kada a taɓa". Ajiya kuwa amana ce. Wanda ya bar miki buhun masara, ba kya zubar masa don ɗaki ya cika. Sai kin tambaya.

Mataki na 3: Bi gida-gida neman izini

Sa takalmi mai daɗin tafiya. Jemima ta fara da Halima mai ƙosai, wadda ke da hoto ɗari huɗu na sunan ɗanta, saba'in daga ciki na rago ne.

"Haba Jemima! A nan ya ɗaga kai, a nan ya sunkuya, ina suka zama ɗaya? Ki goge na Grace mana, ita da ba ta da aiki sai ɗaukar fuskarta."

Grace, shugabar mawaƙan coci, ta dafe ƙirji. "Gwajin waƙar Kirsimetin za ki goge? Rago fa an cinye shi tun bara waccan, je ki wurin Halima."

Da yamma Jemima ta dawo da izinin goge hoto biyu, duka na babban yatsan wani.

Mataki na 4: Kada ki buɗe fayil a gaban mai shi

Wannan kuskuren ta yi ranar Laraba. Bakoji manomi ne daga Dogon Dawa, damina uku ke nan da rashin tsaro ya koro shi cikin gari da iyalinsa. Fayil ɗinsa ɗaya ne tak, giga tara. Ya jingina waya da kututture ya bar ta tana ɗauka awa uku: dawa tana kaɗawa, shi ke nan.

"Baba, ba komai fa a ciki. Iska ce kawai."

Ya ja benci ya zauna, ya sa yatsa a allon. "Kin ga kaɗanyar nan? Daga ita har rafi duk nawa ne. Dakata kaɗan, akwai wata kurciya da ke sauka."

Suka jira minti arba'in. Kurciya ta sauka. Bakoji ya miƙe ya gyara hularsa. "To, goge, 'yata, idan ya tare miki wuri."

Jemima ta rufe fayil ɗin ta bar shi inda yake. Masana suna kiran wannan asarar giga tara. Ke ma haka za ki yi, don haka tanadi benci.

Mataki na 5: Zargi foldar da sunanta ya cika nauyi

Sa kwamfutar ta jera miki kaya daga babba zuwa ƙarami. Da Jemima ta yi haka ranar Alhamis, sai wata folda ta hau sama: "Takardun Filin Gado, Muhimmi". Giga tamanin da uku. Ta mijinta Boaz ce. Ta buɗe. Bidiyon dambe ne da kokawa, tun daga sama har ƙasa.

"Baban Blessing, filin nan naku har Funtuwa ya kai ne?"

Boaz ya sosa ƙeya. "Maman Blessing, wannan fa tarihi ne."

"Na Kaka fa? To kai za ka je ka ce mata ta sake rerawa."

Ya tuna Kaka, ya tuna sandarta. "Bari in fita tukuna. Ba zan iya kallo ba."

Mataki na 6: Zubar da kwandon shara

Ta danna, folda ta ɓace, amma layi yana nan ja. Abin da kika goge ba ya tafiya, kwandon sharar kwamfuta yake komawa ya kwanta. Idan ba ki san haka ba, dubi fuskar mijinki. Boaz yana bakin ƙofa yana murmushi, don ya san hanyar kwandon nan sarai. Jemima ta dube shi, ta dubi kwandon, ta zubar. Layi ya koma shuɗi, murmushi ya ɗauke.

Kafin la'asar waƙoƙin sun shige duka, Raliya ta karɓi wayarta. Aka ɗauko Kaka Alice, aka kunna mata. Ta kasa kunne, ta buga sanda a ƙasa.

"Wace tsohuwa ce wannan take tsallake baiti? Kira min Raliya a sake."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin maigidan da zai yi mako guda yana cin tuwo bai ce ya yi daɗi ba. Haka kuma ba ruwansa idan labari ya fita cewa kina da wuri. Ranar Asabar Jemima ta tarar da mutum goma sha huɗu a ƙofar shago, kowa da memori a hannu. Halima ce a gaba. Ƙanwarta ta haihu, kuma wannan karon rago biyu ne.