Gwajin Gobara a Benenmu da Inna da Ta Ƙi Goyo

Jama'a, ku yi mini ta'aziyya. Ranar Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wani babban mutum mai agogo ruwan zinare ya dube ni ido cikin ido ya sanar da ni cewa na rasu. Ba ni kaɗai ba, har da matata Barakatu da mahaifiyata da maƙwabta talatin da wani abu. Ya rubuta a takarda, ya sa hannu. Ni kuwa ina tsaye a gabansa ina haki, takalmi a ƙafa ɗaya.

Bari in kwance muku zancen tun daga farko. Muna zaune ne a wani benen ma'aikata a nan Tudun Wada, ƙasa da hawa biyu a kanta, gida goma sha biyu, matakala guda ɗaya tilo, wadda in mutum biyu suka haɗu a kanta sai ɗaya ya karkace. Wai akwai ta biyu a zanen ginin. Wanda ya ga zanen ya rantse mini tana nan, har da kibiya mai nuna ta. Ni dai shekarata shida a hawan ƙarshe, ban taɓa cin karo da ita ba. A ƙarƙashin wadda muke da ita kuwa, maƙwabcina Shitu ya jera jarkokin fetur uku, domin tun da aka shiga wahalar man nan, wanda ya yini biyu a layi ya samo galan ɗaya ba zai bar shi a tankin babur ba. Kowane gida da risho, kowace baranda da buhunan masara, tunda wanda ya gina mana bene bai tuna da rumbu ba.

Ana nan sai ga takarda: Kwamitin Shirin Ko-ta-kwana zai zo ya koya mana yadda ake tsira daga gobara. Suka iso cikin mota biyar, a garin da mai haihuwa ma a amalanke ake kai ta asibiti saboda rashin mai. Ranka ya daɗe Shugaba, Garkuwan Mazauna Bene, Mai Kashe Wuta da Jawabi, ya yi awa guda cur yana bayani. Aka nuna mana tukunyar kashe gobara, ja, an goge ta tana ƙyalli. Muka tafa. Aka mayar da ita bayan mota, saboda gobe za a nuna ta a wani garin. Sannan aka sauke bokitai shida jajaye. Na leƙa, ko ƙwayar yashi babu. Sakataren kwamiti ya ce in kwantar da hankalina, yashin yana cikin kashi na biyu na shirin.

"Yanzu kowa ya koma gidansa," in ji Shugaba. "Da kun ji an buga ƙarfe, ku fito a guje. Minti uku gare ku. Duk wanda ya wuce minti uku, wuta ta cinye shi."

To, a nan tawa matsalar take. Mahaifiyata, Inna Tasalla, bara na ɗauko ta daga Badafi saboda ciwon gwiwa. Mutum huɗu suka hau da ita a kan kujera, kuma tun daga ranar ba ta sake taka ƙasa ba. Sannan ni ne ɗanta na fari. Shekarata arba'in da biyu a duniya, sunana bai taɓa fitowa daga bakinta ba. "Wannan" ne sunana. In muna ɗaki ɗaya, duk maganar da za ta yi mini sai ta bi ta kan Barakatu.

Ƙarfe ya yi ƙara. Na faɗa ɗakinta, na durƙusa, na juya mata baya.

"Inna, hau."

Ta kalli bango. "Barakatu, tambayi wannan ko lafiyarsa ƙalau."

"Inna, gwajin gobara ne. An ce minti uku."

"Ni da na goya shi, yau shi zai goya ni? A gaban mutane? Ki ce ya tashi daga gabana."

"To, Inna, ni in goya ki," in ji Barakatu.

"Surukata? Yau na ga ta kaina. Miƙo mini mayafina."

Aka miƙa. Ta ce ba wannan ba, na ƙasan akwati, ai an ce akwai baƙi. Kafin a gama neman mayafi na tabbata mun riga mun toye. Ta miƙe da kyar, hannu ɗaya a bango ɗaya a kafaɗar Barakatu, ni ina biye ina ta kare ta da hannuwa ba tare da na taɓa ta ba.

Ashe ma ba mu makara ba. Muna kai wa matakala muka tarar da jama'ar bene duka a cunkushe, an yi carko-carko. A hawan tsakiya akwai Baffa Labaran, tsohon malamin daji da ya ƙare aikinsa a Falgore, yanzu yana zaune wurin ɗansa. Shi mutum ne mai bin doka, don haka shi ya fara fitowa, da sandarsa, yana sauka taki ɗaya yana hutawa. Ku gaya mini, wane marar tarbiyya ne zai bangaje dattijo ɗan shekara tamanin ya wuce? Duk wanda ya iso bayansa sai ya rage tsawo.

"Baffa, barka da hantsi."

"Barka kadai. Ya iyali? Ya mai jikin nan?"

"Da sauƙi, Baffa."

Halima malamar asibiti har takalmi ta cire. Shitu, mai jarkoki, ya tsuguna a daidai kwana ya toshe hanya gaba ɗaya. Daga ƙasa Sakatare yana ta ƙwala ihu: "Ku yi gudu mana! Wuta ce fa!"

Baffa ya leƙa ƙasa. "Kai yaro, wutar taku ba ta san manya ba ne?"

Sai ya waiwayo ya hango Inna, wadda rabonsa da ita tun ranar da aka hau da ita. Shi ke nan. Aka gaisa, aka tambayi gwiwa, aka tambayi mutanen Badafi gida gida. Ya tuna bai yi mata gaisuwar ƙaninta da ya rasu da damina ba. Ya jingine sanda ya ɗaga hannu, mu ma duk muka ɗaga, aka shafa fatiha a kan matakala.

Minti ashirin da bakwai. Shugaba ya dubi agogo ya ce mun ƙone ƙurmus. Ban da mazauna ƙasa, mutum ɗaya ne ya tsira, wani mai wanki da ake kira Bature, shi ma don yana bakin famfo ne bai ji lokacin da aka ce a koma gida ba. Daga nan Shugaba ya juya ya shaida wa wani ɗan jarida mai ɗaukar magana cewa gwaji ya yi nasara ƙwarai, jama'a sun ba da haɗin kai.

Kowa ya yi ta dariya, ni ma na fara, sai idona ya kai kan Inna. Tana zaune a takin ƙarshe, tana dafe da gwiwa, zufa ta jiƙa mayafin ƙasan akwatin, jarkokin Shitu kuma ga su nan dab da bayanta. Wallahi tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na bi Shugaba har bakin mota na rusuna.

"Ranka ya daɗe, gida mai lamba ɗaya da ke nan ƙasa shekararsa biyu a kulle. A taimaka a mayar da mu can saboda tsohuwa."

"An riga an ware shi. Nan za a ajiye bokitai."

"Bokitan da za mu kashe wuta da su, ranka ya daɗe?"

"In aka bar su a waje matanku za su ɗebi ruwa da su."

Aka shigar da bokitai, aka danna kwaɗo, makulli ya bi Shugaba Kano. Kai, Allah ya ƙara wa manyanmu hangen nesa! Bokitai shida sun samu falo da ɗaki biyu a ƙasa, ko gobara ta tashi su ne za su fara tsira. Inna kuwa mutum huɗu suka sake hawa da ita a kan kujera.

Bayan la'asar muka zauna mu kaɗai a gindin darbejiya, ba mota ba jawabi. Shitu ya yarda ya haƙa rami can bayan katanga ya kai jarkokinsa. Mata suka ciko tsofaffin garewani da yashi daga rafi, aka ajiye biyu a kowane hawa. Ashe kashi na biyu na shirin a bakin rafi yake tun tuni. Sannan Baffa Labaran ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku saurara. Ranar da ta gaske ta zo, na yafe gaisuwa. Duk wanda ya tarar da ni a matakala ya wuce. In mun sauka ma gaisa."

Saura Inna. Ba ni da bakin roƙonta, ita kuma ba ta da kunnen jin nawa. Sai na ɗauki rabin buhun masara, wanda na kimanta zai kai nauyinta, na riƙa saɓa shi a baya kullum da safe, in sauka in hau. Ranar farko minti biyar, har da zama a hanya. Rana ta uku na kai minti biyu da rabi. Maƙwabta suka ɗauka sayarwa nake so in yi ina fasawa. Duk sanda na dawo ina numfashi sama sama, sai in ga labulen ɗakin Inna ya motsa.

Ran Juma'a da safe na ajiye buhun ke nan, sai na ji muryarta, fuskarta a wajen taga.

"Barakatu, ki gaya wa wannan ya daina wahalar da masara. In ta gasken ce ta zo, to, ya ɗauka. Amma a lulluɓe ni har fuska. Kuma kada wani mahaluki ya ji na faɗi haka."

Na fita baranda, domin bai kamata a ga ƙato kamar ni yana share ido ba. Na aika mata da alkawari ta bakin Barakatu, kuma har yau ban buɗe baki na gaya wa kowa ba. Rubutawa kawai na yi, Inna kuwa ba ta karatun boko. Don Allah, in kun haɗu da mutanen Badafi ran kasuwa, ku tsaya a kan zancen tsadar mai.