Ranar da Na Ƙi Goron Gwaggo

Abin kunya da yawa mutum yakan manta idan shekaru sun ja, amma ni ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa garin Djougou shelar cikina da bakina, ta lasifika, bayan na yi kusan wata uku ina ɓoye shi.

Bari in faro daga Parakou. Lokacin muna zaune a unguwar Ganou, ni da maigidana, a ɗaki ciki da falo cikin gidan haya. Mu duka 'yan Djougou ne, shi fataucin doya ya kawo shi, ni kuma aure. In ya ɗora kaya ya nufi Malanville sai in daɗe ban sa shi a ido ba. Mahaifiyata ta rasu tun ina makaranta, yayyena mata kuwa aure ya watsa su, wata Cotonou, wata Yamai. Maƙwabtana mutanen kirki ne, amma gaisuwa ce iyakarmu, da sun juya zuwa yarensu sai in koma ɗaki. Wani lokaci nakan tare zem, wato ɗan acaɓa, in tafi kasuwar Arzeke in sayo albasar da ba na buƙata, don kawai in yi ciniki da wani in ji muryata ta fito.

Cikina na farko ya zube yana ƙarami, ina ni kaɗai a ɗakin nan. Wancan karon murna ta sa na gaya wa yayyena da wuri, sai ga shi na koma ina kiransu ɗaya bayan ɗaya ina warware labari. Don haka da na sake samu, na rantse ba mai ji sai maigida. Dama a wurinmu mace ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, balle a gaban surukai, sai dai a gani. Ni kuwa na haɗa kunya da tsoro, ko awo na ƙi zuwa don kada wani ya gan ni a ƙofar matarniti, asibitin haihuwa.

To wa zan tambaya? Sai waya. Ita ce ta zama uwata, ita ce ungozomata. Na wuni ina karanta shafukan Faransanci a kan abin da mai ciki za ta ci da wanda za ta bari, a nan na gamu da kafeyin, sinadarin nan da ke cikin kofi yana hana mutum barci. Suka ce in ya yi yawa yana iya taɓa ciki. Gaskiya sun kuma ce kaɗan ba ya komai, amma idona bai tsaya a wannan layin ba. Mai tsoro abin tsoro kawai yake gani.

Na bar kofi, na bar shayi. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne shokola, garin cakulan nan na gwangwani. Kowace safiya nakan dama shi da madara, in tsoma burodi, in zauna bakin taga ina kallon 'yan makaranta suna wucewa, kuma wannan ne kaɗai lokacin da ba na jin gidan ya yi mini faɗi. Na ɗauki gwangwanin na cilla saman kabad. (Har in zan wuce teburin mai shayi sai in riƙe numfashi, wai kada kafeyin ya shige ni ta hanci. Da takardar sakandare a hannuna fa nake wannan.)

Sai laulayi ya taso ni gaba, ga tashin zuciya, ga yawu da ba ya tsayawa. Abu ɗaya ne ke kwantar mini da shi: goro. Mu jikokin fataken goro ne, kakanninmu a kan hanyar Gwanja suka tsufa. A gidanmu goro ba abinci ba ne, ba magani ba ne, goro ne kawai, yana nan a kowane lungu kamar ruwan randa. Ba shafin da ya ambace shi a duk karatuna. Yo ina matan Faransa suka san goro? Haka na wuni ina tauna, daga safe har magariba, haƙorana sun yi ja, ina ta yaba wa kaina cewa ban ga mai kula da ciki irina ba.

Ana nan sai bikin ƙanin maigidana ya taso, dole muka tafi Djougou. Na zaɓi riga mai faɗi, na shirya ƙaryata tun a mota.

Safiyar ɗaurin aure aka dama shokola a babbar tukunya aka kawo ɗakin mata da burodi. Ƙamshin nan ya kusa sa ni hawaye. Surukata, wadda muke kira Inna, da hannunta ta miƙo mini kofi.

"Na gode, Inna," na ce, kaina a ƙasa. "Gyambon ciki ke damuna, an hana ni."

Ta dube ni, ta dubi bakina, ta aje kofin.

Na koma lungu na ciro ɗan ƙunshina na fasa goro. Sai ga Ramatu, ƙanwar maigidana da ke jami'a, ta faɗo kusa da ni tana hamma.

"Matar Yaya, pardon, ɗan gutsuro mini. Idona rufewa yake yi."

Na ba ta. Tana tauna ta ce, "Wannan ai ya fi kafe aiki. Lokacin ekzame, in za mu kwana karatun jarrabawa, shi muke ci, kafeyin ɗinsa ya fi ƙarfi."

"Kafeyin ɗin me?"

"Na goro mana. Ke da aka haifa cikinsa ba ki sani ba?"

Ta tashi ta tafi abinta.  Ni kuwa na ciro waya na rubuta goro da ciki, karon farko a rayuwata. Amsar ta fito ba ta ɓoye komai ba. Ashe duk watannin nan da nake gudun kofin shokola, wanda kafeyin ɗinsa bai taka kara ya karya ba, ina zaune ina ɗura wa cikina abin da ya ninka shi. Na tuna wancan ɗakin na Ganou da abin da ya faru a cikinsa. Na dafa marata, ban ji komai ba. (Cikin wata uku me za a ji? Amma je ka gaya wa mai tsoro.)

Ina cikin wannan hali aka ce matan gida su fito.

Akwai al'ada a gidan su maigidana. Duk ranar ɗaurin aure, babbar mace a dangi takan zauna a tsakar gida da farin goro a faranti, matan 'ya'yan gidan su zo ɗaya bayan ɗaya su durƙusa, ta fasa ta ba kowa ɓari, ki ci a gabanta, ta sa miki albarka. Ba a sawa a aljihu, ba a cewa sai anjima. Mai rabon kuwa Gwaggo ce, yayar surukina, tsohuwar da ko mazan gidan ba sa zama sai ta ce su zauna. A gefenta zabiya na tsaye da makirufo, tana kai shi bakin Gwaggo don a ji addu'a. Lasifikokin suna waje, a rumfar maza, inda surukina da maigidana da rabin unguwa ke zaune.

Layi na matsowa, ni ina lissafin yadda zan yi. In ɓoye a kumatu? In ce ina azumi, bayan kowa ya gan ni ina tauna? Kafin in yanke shawara na tsinci kaina a durƙushe. Gwaggo ta fasa goro, ta zaɓi ɓari mafi girma, ta miƙo har kusa da leɓena. Zabiya ta sunkuyo da makirufo.

Ban san lokacin da na ture hannun ba.

"A'a, Gwaggo! Akwai kafeyin! Ciki gare ni, zai sake zubewa!"

Na ji muryata ta fita ta lasifika, ta bugi katangar maƙwabta, ta dawo mini. Ɓarin goron ya gangara ƙarƙashin kujera. Gidan ya yi tsit, har a rumfar maza. A numfashi ɗaya na ture hannun Gwaggo, na faɗi cikin da nake ɗauke da shi, na tona wanda na rasa, duk a kunnen surukina. Kuma na faɗe shi ne da jajayen haƙora, da ragowar goro a gefen baki.

Gwaggo ta ƙare mini kallo, ta ce, "Kafe me?"

Zabiya dai ba ta bar dama ta wuce ba, ta rangaɗa guɗa. Sai mata suka ɗauka. Ni kuwa na tashi a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, na faɗa ɗakin da na fara samu a buɗe na turo ƙofa. Da idona ya saba da duhu sai na ga inda nake: ɗakin ajiyar goro ne. Na zauna tsakanin huhunan goro, ƙamshin ganye ya cika mini hanci, na yi kuka irin wanda ban samu na yi ba tun wancan karon.

Can aka turo ƙofa. Inna ce. Na ja mayafi na rufe fuska, ina jiran faɗa. Ta zauna a kan huhu.

"Yaushe wancan ya zube?"

"Bara, Inna."

"Wa ke tare da ke?"

"Ba kowa."

Ta yi ajiyar zuciya. "Ni biyu na rasa kafin mijinki. Ni ma ban gaya wa kowa ba, har yau ɗin nan." Ta gyara mini mayafi. "Tun da kika sauko daga mota na gane. Na yi shiru ne don kada in ba ki kunya. Da na san ke kaɗai kike fama, da ban yi shirun ba."

Washegari ita ta riƙe hannuna har matarniti. Ungozomar ta saurare ni har na gama, ta danne dariyarta iyakar iyawarta.

"Bon, ma fille, ki kwantar da hankali. Kofin shokola da safe ba zai yi miki komai ba, sukarin dai ki rage. Shayi ma kaɗan ba laifi. Goron ne za ki janye, ki daina wuni a kansa. Kuma mafi yawan cikin da ke zubewa da wuri ba abin da uwar ta ci ba ne, ki daina ɗora wa kanki."

Ta sa aka yi mini hoton ciki. Na ga wani ɗan abu yana bugawa da sauri a allo, ta ce zuciyarsa ce. Inna ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Yarinyar tana nan, yanzu haka tana makaranta. Gwaggo ta yafe mini, amma har ta koma ga Allah in ta hango ni sai ta ce a ɓoye goro, ga Madam Kafeyin nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan na koma Ganou. Wayar nan da na saba yi wa tambaya ita ce ta koma kirana, yau Inna, gobe Ramatu, jibi wata gwaggon da ban ma san tana da lambata ba. Na yi watanni ina tsoron a sani, ashe ranar da aka sani ce ranar farko da wani ya tambaye ni ko na ci abinci.

Don haka in kina da tambaya, nemi mutum mai baki ki yi masa, ko da zai yi miki dariya. In kuma kin riƙe ta har ta kai ga fashewa, to ki daure ki duba ko akwai makirufo a kusa.